Mansura da Layi na Goma Sha Huɗu

Shagon Inna Mansura yana unguwar Gatalwad, tsakanin mai sayar da tayoyi da wani Balarabe mai gasa burodi. A saman ƙofa an rubuta fotokofi da buga takardu, amma rabin abin da ake yi a ciki koyarwa ce. Ƙanwar mahaifiyata ce. Lokacin da na tafi karatu Turkiyya na bar ta da injin fotokofi ɗaya da odinata, wato kwamfuta, mai ƙaton ƙeya. Da na dawo bayan shekara bakwai na tarar da odinata biyar jere a jikin bango, da farin allo, da ita kanta a tsaye tana faɗa da wani magidanci da ya manta kod ɗinsa, lambar sirrin shiga, karo na uku.

A Damagaram aka haife ta. Mahaifinta masinja ne a gidan waya, shi ya kai ta koyon buga takardu tana 'yar shekara goma sha bakwai, a kan irin injin nan na ƙarfe mai ƙararrawa. Ta yi shekara tara a wani buro a Arlit tana buga wasiƙun da ba ita ke sa musu hannu ba, kafin ta auri Muhammad Kabir mai sayar da kayan gyaran manyan motoci, ta biyo shi Tamanrasset. Ta zo ba ta jin Larabci ko kalma ɗaya, ta koye shi a layin burodi. Odinata ma ba wanda ya koya mata. Har yau tana dukan maɓallai kamar tana kan tsohon injinta, shi ya sa duk shekara sai ta sayi sabon kilabiye.

Abin da ya fi ɗaga mata hankali a garin nan shi ne takardun mutane. Kullum sai wani ya shigo da leda a ninke, ya zaro takardar haihuwa da gumi ya cinye rabinta, ko ya ce tasa ta ɓata a hanyar In Gezam, ko ya miƙo 'yar kile, abar ajiyar nan da ake soka wa odinata, da ta bi shaguna goma ta kwaso cuta. Da ta gano ma'ajiyar intanet, wadda masu abin ke kira gajimare, sai ta kama ta hannu biyu. Sunan ne dai ba ta yarda da shi ba. Takan ce wa ɗalibanta magaza ce, ɗakin ajiya a wani gari mai nisa, mabuɗinta yana cikin kanka, kana iya ba wani ya leƙa, kana iya ba shi ya shiga ya yi aiki tare da kai.

Ƙungiyar 'yan Nijar na unguwar tana da ƙaramar lekkol, makarantar boko mai ɗaki huɗu. Yaran da suka kai jarrabawar birebe, wata kwaleji ce a Agadas ke rubuta su cikin nata, idan lokaci ya yi a kai su can su zauna. A da, direban babbar mota ake ba jerin sunayen, har wata shekara motar ta kwana tara a hanya. A bana mutumin Agadas ya ce ya gaji, a buɗe tablo ɗaya, wato jadawali, a intanet, kowane malami ya cika, a ajiye hoton takardar haihuwar kowane yaro a gefe, shi kuma zai buga abin da ya tarar ranar wata Alhamis da tsakar rana. Abin da ya buga shi ke tafiya. Duk yaron da abin da ke tablo ya saɓa da takardarsa, dosiyensa, wato takardun neman shigarsa, zai dawo, sai baɗi.

Haka malaman lekkol huɗu suka zama ɗaliban Inna, duk ranar Asabar da Litinin da Laraba bayan la'asar. Darektan ma ya ce ba za a bar shi a baya ba, shi ne na biyar.

Darektan nan, Malam Sharifu, wanda kowa ke kira Baba, Babarbare ne daga Gure, ya haura saba'in, ya koyar shekara talatin da biyar a gida kafin ya biyo 'yan'uwa nan. Shi ne ƙanin mahaifin Kabir, kuma shi ya rene shi tun yana rarrafe. Ke nan surukin Inna ne na sosai. Ba ta kiran sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, ko ruwa za ta sha sai ta juya baya. Na zauna a ajin sau da dama ina taya ta da rezo, wato layin intanet, na ga yadda ake koya wa mutumin da ba a iya duban idonsa. Takan tsaya a bayan malamin lissafi, Mushe Idrisa, kamar yadda ake kiran malami namiji da Faransanci, wanda ke zama kusa da shi, ta ce, "Mushe, da za a danna shuɗin nan na dama, da ya buɗe." Idrisa ya riga ya danna nasa tun ɗazu. Sai ya sunkuya ya maimaita wa Baba, Baba ya gyara tabarau ya danna na hagu.

Makon farko ya tafi a kan kod. Uku daga cikinsu ba su ma san suna da akwatin wasiƙa ba, mai sayar da salula ne ya buɗe musu a kasuwa, ya sa musu kod iri ɗaya da na duk wanda ya taɓa sayen waya a wurinsa. Mako na biyu Inna ta nuna musu yadda ake tura wa mutum hanyar shiga. Wani daga cikinsu, har yau ba a san ko wane ne ba, ya jefa ta a wasap ɗin ƙungiya. Kafin gari ya waye tablon ya cika da gaisuwa. Wani ya rubuta Allah ya ba yaranmu sa'a a gurbin ranar haihuwa, wata ta saka sunan ɗanta da bai gama aji uku ba, wani mai gini kuma ya bar lambarsa ko akwai aiki. Inna ta yini tana sharewa tana magana ita kaɗai. Daga nan ta rufe, ta bar mutum bakwai kawai: malamai huɗu, darekta, mutumin Agadas, da ita.

Don ta kwantar musu da hankali, sai ta nuna musu abin da take ganin ya fi komai kyau a cikin na'urar. Ta buɗe tarihin gyare-gyare, ta ce su duba, duk wanda ya taɓa ko harafi ɗaya, sunansa zai fito da ranar da sa'ar, kuma mai tablon zai gani. Tana faɗa tana murmushi. Na lura ajin ya yi tsit, amma na ɗauka sha'awa ce.

Malam Sharifu ya ce malamai su cika maki da sauran bayanai, shi zai cika sunaye da ranakun haihuwa, domin yaran nan goma sha bakwai babu wanda bai san ranar sunansa ba. Ya yi kwana huɗu yana bugawa da yatsa ɗaya. Bai buɗe hoton takarda ko guda ba. Kuma gaskiya, goma sha shida daidai suke har rana da wata.

Ranar Litinin da safe, saura kwana uku, Inna ta buɗe ma'ajiyar don ta duba aiki. Maimakon tablo ɗaya sai ta ga tara. Akwai na asali, akwai kwafi, akwai kwafin kwafi, akwai wanda aka sa wa suna na Idrisa kada a taɓa. Na ji ta tun daga waje. Wata guda tana nanata musu cewa amfanin abin gaba ɗaya shi ne kada kowa ya yi nasa. Ta shiga buɗe su ɗaya bayan ɗaya don ta ga me ya bambanta su. Ta kira ni ta nuna mini da biro. Duk kwafin takwas iri ɗaya ne da na asali, in ban da layi na goma sha huɗu. A na asali, an haifi Halimatus Sa'adiyya Isufu a 2006. A sauran duka, 2009, kamar yadda yake a takardarta da ke ajiye a gefe.

Ke nan malamai huɗu sun gani, kowa ya yi kwafi, wasu har biyu da uku, ya gyara a nasa, ya bar na darekta yadda yake. Kuma na darekta ne za a buga a Agadas.

Yarinyar, Sadiya ake kiranta, ita ce ta biyu a ajinsu. Ubanta Isufu yana aikin lambu a Idles, yakan yi wata biyu bai shigo gari ba, kuma ya riga ya faɗa wa kowa cewa da zarar an gama jarrabawar bana zai kwashe iyalinsa su koma wurinsa. In ta ci, wata gwaggonta a Agadas za ta riƙe ta ta ci gaba. In dosiyenta ya dawo, za ta bi uwarta Idles, inda babu ajin da za ta shiga.

Da la'asar Baba bai zo ba, ya tafi jana'iza. Inna ta rufe ƙofar shago, abin da ban taɓa ganin ta yi ba da rana. Ta tambaye su ko sun san me ke faruwa da dosiyen da ya saɓa. Suka ce sun sani. Ta tambaye su ko akwai wanda aka hana gyara. Babu. To me suke jira, mala'ika ya sauko ya danna musu?

Idrisa ya ce shi ya yi iya ƙoƙarinsa. Tun ranar Alhamis ya bi Baba har gida, suka sha shayi, ya kawo zancen yara, ya ce af, Sadiya kuwa wace shekara ce ma. Baba ya ce 2006, shekarar da kwari ya cika ya shiga kasuwa, shi da kansa ya raɗa mata suna, ragon ma fari ne. Idrisa ya ce to me zai ce bayan haka, ya ce wa mutumin da ya koyar da ubansa ya yi ƙarya? Sai ya dawo ya yi kwafi, don dai gaskiyar ta kasance a ajiye a wani wuri.

"A ajiye wa wa?" Inna ta ce. "Wa zai ci ta a can?"

Khalida, ƙaramarsu, mai koyar da Faransanci, tana kallon ƙasa tun da aka fara. Ta ce da ba a nuna musu sunan mutum yana fitowa ba, da ita ta gyara tun ranar farko, kowa ya yi kamar bai gani ba. Sannan a hankali ta ƙara da cewa, "Madam, ai ke ma kina da izinin gyara."

Inna ta ce ƙwarai kuwa, ta ja kujera, ta buɗe tablon, ta kai kibiya kan layi na goma sha huɗu ta danna. Gurbin ya yi shuɗi. Muka tsaya muna kallon hannunta. Matar da ke buga shafi guda kafin shayi ya huce ta zauna da yatsa a sama ya fi minti biyu. Sai ta miƙe ta ce injin fotokofi yana wani ƙara da ba ta gane ba, ta je ta buɗe cikinsa. Injin a kashe yake. Ba wanda ya yi dariya, ta sallame su.

Bayan sun fita na ce ta sa sunana in gyara, ni ba malaminsa ba ne, ba surukinsa ba. Ta ce in gwada, gobe a masallaci za a ce ɗan Gwamma ya dawo daga ƙasar Turkawa yana gyara wa dattawa rubutu, uwata ce za ta kasa fita unguwa. Na ce to ai ta san kod ɗinsa, ita ta rubuta masa a bayan katinsa, ta shiga da sunansa ta canza. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce abin da aka koya mini a can ke nan? Shekara nawa tana hana mutane shiga akwatin juna. Kuma ko ta yi, Baba yana karanta jerin nan kowace safiya kamar wuridi, zai ga tara, ya ce na'ura ta yi shirme, ya mayar da shida. Sai dai shi da kansa ya yarda.

Ta gwada mijinta da magariba. Kabir ya saurara har ƙarshe, ya ce shi bai taɓa ce wa Baba a'a ba tun da aka yaye shi, ba kuma a kan lamba ɗaya zai fara ba. Ranar Talata ta yi ta kiran Isufu, rezon Idles bai ɗauka ba. Ta aika wa uwar yarinyar, matar ta ce ita wace ce da za ta je gaban Malam. Duk yinin ranar Inna ba ta yi wa kowa magana mai daɗi ba. Wani ya kawo takarda a juye, ta tambaye shi ko a juye aka haife shi.

Ranar Laraba da hantsi ta yafa mayafi ta ce in raka ta kasuwa. Muka wuce masu atamfa zuwa wata rumfa da wani tsoho siriri ke taka keken ɗinki. Tijani sunansa, Bafillace daga wajen Dakoro, sa'an Baba ne, kusan tare suka zo garin. Fulani da Barebari abokan wasa ne, duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya ba a riƙe shi. Inna ta durƙusa ta gaishe shi, ta fito da takardar haihuwar da ta buga, ta zagaye shekarar da jan biro. Tijani bai iya boko ba, amma ya san lambobi daga tef ɗin awo. Ya saurara, fuskarsa tana ta washewa. Ya ce shekara ashirin yana jiran ranar da bawan nan nasa zai yi kuskure a gaban shaidu. Inna ta roƙe shi ya same shi a gida shi kaɗai. Ya ce bai san wannan ba, a aji za a yi, kuma a ajiye masa kujera mai kyau.

Ya shigo bayan la'asar, kowa yana zaune, da tef a wuya. Bai yi wa Baba sallama ba.

"Ashe nan bawana yake ɓuya. An ce kana koyon na'ura. Wa ya ba ka izini?"

"Wa ya bar ƙofa a buɗe?" Baba ya ce, ko juyowa bai yi ba. "Ku duba takalmanku, Bafillace ya shigo."

Tijani ya zauna, ya ce ya ji ana yaba ƙwaƙwalwar Babarbare, ya zo gwaji. 'Yar Isufu mai lambu, yaushe aka haife ta? Baba ya faɗi shekara, ya faɗi kwari, ya faɗi farin rago. Tijani ya tafa hannu ya ce duk daidai, sai dai wannan sunan Kubura ne, yayarta, wadda ke aure a Arlit yanzu, shi ya ɗinka wa mai jego kayan fitar suna. Na Sadiya kuwa, bayan shekara uku, Malam ba ya ma garin, yana Gure ana yi masa ɗorin ƙafa.

"Rago baƙi ne, ramamme. Ni na cinye rabonka, har yau ban ga amfaninsa a jikina ba."

Ya ajiye takardar a kan kilabiye. Malaman huɗu kowa ya sami abin kallo a allonsa. Inna tana can ƙarshen shago tana jera takardun da tun safe a jere suke. Baba ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya daɗe yana duban jan da'irar. Ya ce ƙafar dama ce, a watan azumi. Tijani ya ce ta hagu. Baba ya ce to a nan kam ƙarya yake, ƙafarsa ce.

Ya kai hannu zai gyara, rezo ya ɗauke. Muka zauna minti ashirin ana jira, Tijani yana ba da labarin duk wandon da ya taɓa buɗa wa Baba a ƙugu. Da rezo ya dawo, Baba ya goge shida, ya nemi tara ya rasa, Inna ta ce wa Mushe Idrisa da za a duba kusa da takwas. Baba ya danna. Sunansa ya fito a gefe, da ranar da sa'ar.

Sannan ya juyo ga malamansa. Ya ce abin da ya ba shi mamaki, mutum huɗu masu ido biyu-biyu, an ba su na'ura, an ɗauko musu malama, takardar yarinya tana nan a gabansu, amma a rasa wanda zai lura sai tela. Ya ce yaran yanzu ba sa duba aiki. Suka ce a yi musu haƙuri, Baba. Na ga Inna ta danne bakinta da gefen mayafi, ta fita waje ta tsaya kusa da tayoyi har aka tashi.

Washegari da tsakar rana mutumin Agadas ya buga jerin. A watan Yuni Sadiya ta hau bas da sauran goma sha shida, Khalida ce ta raka su. Kafin su dawo Isufu ya shigo gari a bayan wata motar tumatir, ya ji labari a bakin mutane cewa saura kaɗan 'yarsa ta rasa jarrabawa, Allah ya sa darekta ya gano da kansa ya gyara. Ya ɗauko kwali guda na ɓaure da inabi daga lambun, ya kai wa Malam Sharifu har gida, ya durƙusa ya yi godiya. A hanyarsa ta komawa ya biyo ta shago a yi masa fotokofin katinsa. Inna ta ce ya kawo salularsa ta buɗe masa ma'ajiya ya ajiye hoton katin a ciki. Ya ce wata rana, yau mota na jiransa. Ta buga masa kwafi biyu, ta sa masa a leda.